Wane ne ƙwararre a dokar bizar aiki ta Amurka?

Tun da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin 19 ga Satumba, 2025, wanda ya ɗora dala 100,000 kan sabuwar takardar neman bizar H-1B, wato bizar da baƙi ƙwararru ke zuwa aiki Amurka da ita, surutu ya yi yawa. Wasu sun ce an rufe wa baƙi ƙofa gaba ɗaya. Dillalan biza kuwa sun juya zancen, wai yanzu duk mai sana'a a hannu da kuɗi a aljihu ya zama ƙwararre. Babu ɗaya daga ciki da doka ta faɗa.

Abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne, dokar da ta kafa wannan biza a 1990 aiki take fara dubawa, ba mutum ba. Tambayarta ta farko: shin wannan aikin sai mai digiri na farko a wani fanni takamaimai yake iya shigarsa? In amsar a'a ce, magana ta ƙare, ko da mai nema ya fi kowa iya aikin. Injiniya, likita, akanta, mai rubuta manhajar kwamfuta, malamin jami'a, duk suna ciki. Makaniki da tela da mai walda ba sa ciki. Hatta ma'aikaciyar jinya ta gama-gari sau da yawa ba ta shiga, domin a Amurka ana iya kama wannan aiki da karatun da bai kai digiri ba.

Digirin ma ba kowanne ba. Sai ya zama yana da alaƙa kai tsaye da aikin. Wanda ya karanta tarihi ba zai nuna takardarsa ya ce a ba shi aikin haɗa magani ba.

Sai batun wanda ba shi da digiri, kuma a nan dillalai suka fi cin kasuwa. Gaskiya ne hukumar USCIS, mai kula da takardun shige da fice da zama ɗan ƙasa a Amurka, tana karɓar gogewa a madadin karatu: shekara 3 ta aiki na tsayawa a matsayin shekara 1 ta jami'a. Mai diflomar shekara 2 ke nan yana buƙatar shekara 6 ta aiki, wanda bai taɓa shiga jami'a ba kuma shekara 12. Amma ba zaman shekaru ake ƙirgawa ba. Sai an nuna cewa aikin a fannin aka yi shi, nauyinsa na ƙaruwa daga mataki zuwa mataki, kuma masana fannin sun shaida ƙwarewar mutum. Kuma wannan lissafi gurbin digiri kawai yake cikewa, ba ya mayar da aikin da ba na digiri ba ya zama na digiri. Ni dai ina ganin akwai rashin adalci a nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injin da masu digiri suka kasa, doka ba ta ganinsa, alhali wanda ya gama jami'a bara tana yi masa maraba.

Ba ma'aikaci ke neman wannan biza da kansa ba. Kamfanin da zai ɗauke shi ne ke shigar da takarda, bayan ya yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawarin biyan albashin da ake biyan irin wannan aiki a yankin. Gurabe 65,000 ne a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka, kuma da yake masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a ake yi. Jami'o'i ba sa cikin wannan ƙayyadewa. Dala 100,000 ɗin nan ma a kan mai ɗaukar aiki umarnin 2025 ya ɗora ta, sau ɗaya, kuma Fadar White House ta bayyana cewa ba ta shafi masu riƙe da bizar tun da farko ba. Duk da haka, ƙaramin asibiti da ke neman likita ba zai iya biyan abin da manyan kamfanonin fasaha ke biya ba.

Hukuncin ƙarya kuwa shi ne ya fi tayar min da hankali, domin mutane na ɗaukarsa wasa. Wanda aka kama da digirin bogi, ko wasiƙar shaidar aikin da bai taɓa yi ba, ba hana shi wannan bizar kaɗai ake yi ba. Dokar shige da fice ta Amurka tana haramta masa shiga ƙasar har abada, ko yawon buɗe ido, ko karatu, ko ziyarar ɗansa, sai fa in ya samu afuwa ta musamman, wadda ba kowa ke samu ba. Cewa dillali ne ya haɗa takardun da wuya ta fisshe shi, tunda shi ya sa hannu, shi kuma ya tsaya gaban jami'in ofishin jakadanci ya ce abin da ke ciki gaskiya ne.