Kamun Kifin Crappie da Na'urar Sona: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin kifi ne crappie, kuma me ya sa ake nemansa da na'ura?

Kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, mai faɗin jiki, fasalinsa ya ɗan yi kama da karfasa. Iri biyu ne. Farin yana da ƙaya 5 ko 6 a gadon baya, yana kuma jure ruwa mai laka. Baƙin yana da 7 ko 8, ya fi son ruwa garai-garai mai ciyayi. Yawancin waɗanda ake kamawa tsawonsu inci 8 zuwa 12 ne. Farin da ya fi kowane girma a tarihi a madatsar Enid ta jihar Mississippi aka kama shi a 1957, nauyinsa kilo 2 da ɗan ɗoriya.

Matsalar kamunsa ɗaya ce. Crappie garke-garke yake tafiya, kuma sau da yawa a tsakiyar ruwa yake tsayawa, ba sama ba ƙasa ba. Zurfin wurin yana iya zama ƙafa 25, garken yana ƙafa 12. Wanda ya saki kotonsa har ƙasa zai wuni a kan kifi bai sani ba. Aikin na'urar sona, mai gano kifi a cikin ruwa ta nuna shi a allo, shi ne ta gaya maka a ƙafa nawa suke.

Yaya na'urar take ganin kifi?

Da sauti. Akwai wani ɓangare da ake kira tiransdusa, wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi ko a ƙaramin injin lantarki na gaba. Yana harba sauti cikin ruwa, yana sauraren amsa-kuwwa. Sauti yana gudun kusan mita 1,480 a daƙiƙa a ruwan daɗi, da lokacin da ya ɗauka ya dawo ne na'urar take lissafa nisa. Jakar iskar da ke cikin kifi ita ce ta fi mayar da sautin.

Abu biyu ne sababbin shiga suke yawan kuskurewa. Na farko, wurin da na'urar take kallo ƙanƙane ne. A kilohas 200 (kilohas ma'aunin saurin kaɗawar sauti ne) sautin yana buɗewa kusan digiri 20, wato faɗin abin da kake gani a ƙasa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin ruwan. A ƙafa 18, da'ira mai faɗin ƙafa 6 kawai kake kallo. Garke yana iya zama taku biyar daga gefen jirgi, allo ya nuna wayam. Na biyu, bakin allon na dama ne kaɗai yake nuna abin da ke ƙarƙashinka yanzu. Duk abin da ya matsa hagu ka riga ka wuce shi.

Wace irin sona ce ta fi dacewa?

Kowace da aikinta. Ta gargajiya, wadda kifi yake fitowa a cikinta a siffar bakan harbi, ita ce ta fi kyau wajen karanta zurfi. Mai ɗaukar hoton ƙasa tana aiki da kilohas 455 ko 800, tana raba kifi da rassan itace, abin da ta gargajiya take cuɗewa ya zama dunƙule ɗaya. Mai kallon gefe tana leƙa hagu da dama, ita ce ta bincike. Sai mai nuna motsi kai tsaye, wadda ta bazu bayan kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, kamfanonin Lowrance da Humminbird suka biyo baya da ActiveTarget da MEGA Live. Da ita kana ganin kotonka yana nitsewa, kana ganin kifin ya juyo ya bi shi.

Tana da tsada, kuma ba dole ba ce. Mai ƙaramar na'ura da ta haɗa ta gargajiya da hoton ƙasa da taswirar GPS, in dai ya iya karanta ta, zai ci kifi.

Ta yaya za a gane crappie ne a allo, ba wani kifin ba?

Daga yadda suke taruwa. A hoton ƙasa suna fitowa kamar fararen ɗigo ƙanana, masu kusan girma ɗaya, wani bisa wani, a saman tarin rassa ko a jikin kututturen da ruwa ya shanye. Tarin yakan yi tsayi fiye da faɗi. Garken ƙananan kifin shad, abincinsu, hazo yake zama wanda ba a rabe ɗaiɗaikunsa. Tarwaɗar Amurka da kifin kaf (carp a Turance) manyan alamu ne ɗaya-ɗaya, galibi manne da ƙasa.

A mai kallon gefe, kula da inuwa. Kowane ɗigo mai haske yana da baƙar inuwa a bayansa. In inuwar tana manne da ɗigon, kifin yana kwance kusa da ƙasa. In akwai tazara tsakaninsu, yana sama, kuma gwargwadon tazarar gwargwadon tashinsa. Duk da haka allo ba ya rubuta sunan kifi. Sai na farko ya shigo jirgi za ka tabbatar.

Wane saiti ya kamata a taɓa?

Fara da kashe saitin da yake zana hoton ɗan kifi a allo. Yakan zana kifi a kan ganye, da reshe, da kumfa. Sannan ka ƙara ƙarfin ji har allo ya fara cika da ƙura, ka ɗan rage kaɗan. Ka kafa iyakar zurfi da hannu: in ruwan ƙafa 20 ne, sa ta a 25 ko 30, don kada rabin allo ya tafi a banza. Mai kallon gefe kuwa, ka tsaya a ƙafa 60 zuwa 80 kowane ɓangare, kana tafiyar mil 3 zuwa 5 a awa. Ka wuce haka, crappie zai ƙanƙance har ido ya kasa kama shi.

A ina ake fara nema?

Zafin ruwa ne jagora, kuma na'urar tana nuna shi a kusurwar allo. Bayan hunturu, tsakanin Maris da Mayu gwargwadon jiha, suna barin zurfi suna bin tsofaffin hanyoyin rafi da madatsa ta binne. Idan ruwa ya kai digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, sai su shiga gaɓa su yi ƙwai a ƙafa 2 zuwa 6. A nan sona mai kallon ƙasa ba ta da wani amfani, jirgin ma korar su yake yi.

Da zafi ya kankama sai ruwan tafki ya rabu hawa-hawa, na sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi da ƙarancin iskar shaƙa. In ka ƙara ƙarfin ji za ka ga iyakar a allo, wani dishi-dishin layi a kwance. Kada ka ɓata koto a ƙasan layin nan. Nemi tarin rassa, ko ƙafar gada, ko gangaren da zurfinsa ya yi daidai da layin ko ya ɗan fi shi sama. Hukumomin kula da kifi na jihohi da yawa suna nutsar da itatuwa da gangan, suna kuma wallafa lambobin GPS ɗinsu kyauta.

An ga garken. Sai me?

Danna alama a GPS nan take, ka wuce, ka kashe babban inji, ka dawo da na lantarki kana fuskantar iska. Tsaya ɗan nesa, sandar fatsa mai ƙafa 10 zuwa 14 za ta kai maka koto.

Idanun crappie suna can sama a kansa, sama yake kai hari, da wuya ya bi abinci ƙasa. Saboda haka in allo ya ce ƙafa 12, riƙe koto a ƙafa 10 ko 11. Akwai ƙarin dalili: na'urar nisa take aunawa daga tiransdusa, don haka kifin da ke gefen da'irar yana fitowa a allo ƙasa da inda yake a zahiri. Don auna zare, san tsawon da ke tsakanin abin naɗi da zoben farko na sanda, ka riƙa ja kana ƙirgawa.

Koton da aka saba shi ne ɗan kifi mai rai, ko na roba mai kan dalma mai nauyin kusan giram 1 zuwa 2, a kan zare siriri mai ɗaukar nauyin fam 4 zuwa 6. Fara da na saman tarin. In ka fizgo kifi daga tsakiya, sauran watsewa za su yi. Cizonsa ɗan tak ne, wani lokaci ma zaren ne kawai zai saki, domin kifin ya ɗauki koton ya yi sama da shi. Ɗaga sanda a hankali, leɓensa sirara ne, ƙugiya tana yaga su.

Me ke sa hoto ya lalace?

Rabin baka a maimakon cikakke, tiransdusa ne ya karkace, a daidaita shi ya kwanta daidai da fuskar ruwa. Layuka a tsaye da suke bayyana duk lokacin da aka taka injin lantarki, wutar ce take shiga juna: ba na'urar batirinta daban, a raba wayoyinsu. Ƙasa ta ɓace in jirgi ya yi gudu, kumfa ce take bi ta fuskar tiransdusa, a ɗan sauke shi ƙasa. Dogon layi a kwance kuwa ba lalacewa ba ce. Jirgi yana tsaye, kifi yana tsaye a ƙarƙashinsa.

Shin na'urar ba ta ƙarar da kifin?

Muhawarar tana da zafi, musamman kan mai nuna motsi kai tsaye, domin tana ba mutum damar zaɓen manya ɗaya bayan ɗaya. A 2024 Mississippi ta rage adadin da mutum zai ɗauka a rana daga 15 zuwa 10 a tafkunan Grenada, Enid, Sardis da Arkabutla, inda dama sai kifi ya haura inci 12 ake riƙe shi. Kowace jiha da dokarta da lasisinta, a duba kafin a sa jirgi a ruwa.

Akwai kuma ɓarnar da doka ba ta gani. Crappie da aka jawo daga zurfin da ya kai ƙafa 30, jakar iskarsa kumbura take yi, ko an sake shi yakan kasa nitsewa ya mutu a saman ruwa. Wanda yake kamu a irin wannan zurfin, ya riƙe abin da doka ta yarda masa, in ya cika adadinsa ya naɗe zare.