PMR, ciwon da ke ƙage kafaɗun tsofaffi: amsar tambayoyin da kuke ta nanatawa

Sunansa a katin asibiti polymyalgia rheumatica, ana taƙaita shi PMR. 'Ya'yan marasa lafiya ne suka fi kawo tambayoyin nan, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Ga su wuri guda, don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku sake bugo waya.

Inna ta sha haɗin kemis ta miƙe garau, mu ci gaba da saya mata?

A'a. Ku kwance ledar ku duba abin da ke ciki. Haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, tare da diclofenac. Biyun farko sitiroid ne, wato magani mai danne kumburi, kuma sitiroid ne maganin PMR, shi ya sa ta miƙe. Amma shi ɗin yana danne alamun cututtuka da dama, har da masu kisa, yana kuma sauko da sakamakon gwajin jini. Sai ku kawo ta asibiti jini ya nuna lafiya lau, likita ya rasa bakin zaren. Haɗa shi da diclofenac kuwa hanya ce ta gyambon ciki mai zubar da jini a jikin tsoho.

Idan ta wuce mako uku tana sha kullum, kada ku yanke mata farat ɗaya. Ku zo da ita, da ledar.

Wane irin ciwo ne?

Kumburi ne na cikin jiki da ke kama kewayen gaɓoɓin kafaɗu biyu, wuya, ƙugu da saman cinyoyi. Ba a kan gan shi a ƙasa da shekara 50 ba, ya fi yawa bayan 70, kuma mata sun ninka maza biyu zuwa uku. Yakan sauka cikin 'yan kwanaki ko mako biyu.

Ku lura da ita da asuba. Tana son saukowa daga gado sai ta mirgina tukuna. Hannu ba ya kai kunne wajen kabbara, ɗaurin ɗankwali sai jika ta taya ta, tasowa daga sujada sai da dafa bango. Ƙagewar nan takan wuce minti 45, sai rana ta ɗaga jiki ya fara saki. Wasu na haɗawa da kasala, rama, ɗan zazzaɓi da rashin son abinci.

Ba tsufa ba ne kawai, ko sanyin hunturu?

Tsufa ba ya sauka a mako ɗaya. Zaizayewar gwiwa ta tsufa takan ɗauki shekaru, ƙagewarta da safe ba ta kai rabin awa, kuma aiki ne ke ƙara mata zafi. Wannan kuwa hutu ne ke ƙara shi.

Ana ɗauka? Sammu ne?

Ba a ɗauka. Ba sammu ba ne.

An ce ciwon Turawa ne.

Ya fi yawa a arewacin Turai, musamman Suwidin da Norwe, wannan gaskiya ne. A wajenmu bai kai haka ba, amma akwai shi. Saboda ƙarancinsa ne ma ya wajaba likita a Sakkwato ya fara kawar da abin da ya fi shi yawa a nan kafin ya rubuta PMR.

Me ya sa gwaje-gwajen suka yi yawa haka? Kuɗi kawai ake so?

Domin babu gwaji guda da ke cewa "ga PMR". Gwajin jini na ESR da CRP suna nuna akwai kumburi a jiki, ba sa faɗin daga ina. Tarin tibi yana ɗaga su, kansar ɓargo tana ɗaga su, haka kansar mafitsara ta maza idan ta kai ƙashi. Don haka ake ƙara ƙirgen ƙwayoyin jini, gwajin ƙoda da hanta, kalsiyam, suga, fitsari, hoton ƙirji. Ana duba RF da anti-CCP saboda amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu yakan fara wa tsofaffi ta kafaɗa. Ana duba tayirod, da CK na tsoka, wanda a PMR ba ya tashi. Ku faɗi duk maganin da take sha, domin maganin rage kitsen jini kansa yana sa ciwon tsoka. Mai suga kuma kafaɗarsa takan daskare ba tare da wani PMR ba.

A ɗebi jinin kafin ƙwayar farko. Idan asibitin garinku ba shi da waɗannan, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. A roƙi gwajin ciwon hanta nau'in B ma, tunda sitiroid na dogon lokaci yana iya tayar da shi, kamar yadda yake tayar da tsohon tibi.

Wace alama ce ba a kwana da ita a gida?

Wannan ita ya kamata ku fara tambaya, amma ba ku yi. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ko shida masu PMR na samun ɗan'uwansa, kumburin jijiyar jini ta gefen kai, wanda likitoci ke kira GCA. Alamunsa: sabon ciwon kai a tsakanin ido da kunne, fatar kai mai zafi har hula ko mataji ya dame shi, muƙamuƙi ya gaji ana tsakiyar taunar nama ko goro, gani biyu-biyu, ko ido ɗaya ya yi duhu na 'yan mintoci ya dawo. Asibiti a ranar, ko da dare ne. Maganinsa prednisolone miligiram 40 zuwa 60 ne, ba 15 irin na PMR ba, kuma idon da ya rufe ta wannan hanya da wuya ya sake buɗewa.

Yaya maganin yake?

Prednisolone, tsakanin miligiram 12.5 da 25 a rana, yawanci 15, sau ɗaya da safe bayan an ci wani abu. Sauƙi kan zo cikin 'yan kwanaki. Idan an yi mako biyu zuwa uku babu wani canji na kirki, a koma a sake bincike, wataƙila ba PMR ba ne.

Sannan a fara saukowa. Tsarin da aka saba: 15 mako uku, 12.5 mako uku, 10 mako huɗu zuwa shida, daga nan a riƙa rage miligiram 1 duk wata ɗaya ko biyu. Ku yi lissafin da kanku, kusan shekara guda ce mafi ƙaranci, da yawa suna kai biyu, wasu su wuce.

Ƙwayar miligiram 5 ce ta cika kemis, ta 1 sai an sha nema. Idan ba a samu ba likita kan tsara bi-da-bi: yau ƙwaya biyu, gobe ɗaya da rabi, haka har wata guda, sannan ɗaya da rabi kullum, sannan ɗaya da rabi yau, ɗaya gobe. A rubuta a kalanda a rataye, mutum ɗaya ya riƙe aikin. Gidan da kowa ke ba Inna magani, ba wanda ya san nawa ta sha.

Ta warke, mu daina?

Ba warkewa ta yi ba, magani ne ya danne. Kuma bayan 'yan makonni a kan sitiroid, jiki yakan rage yin nasa sinadarin kotisol, wanda ke fitowa daga saman ƙoda. Yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, jiri, faɗuwar jini, har suma.

Ciwon ya dawo da aka rage, likita ya yi kuskure?

Ku kwantar da hankali. Kusan rabin masu ciwon sukan ga haka. Ana komawa adadin da ya riƙe ta a baya, a sake saukowa a hankali. Mai yawan komawa, ko wanda sitiroid ke wahalarwa, akan ƙara masa methotrexate, miligiram 7.5 zuwa 10. Sau ɗaya a MAKO. Shansa kullum guba ne.

Za ta iya azumi?

To, a nan ba ni da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ku amsa ɗaya bai ga katinta ba. Hukuncin na malamai ne, kuma rangwamen mara lafiya yana nan a aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara. Abin da ke hannun likita shi ne ya faɗa muku ko azumin zai cuce ta.

Shan maganin kansa ba shi ne matsala ba. Sau ɗaya ne a rana, sai a mayar da shi sahur, tare da abinci. Dattijuwar da ciwonta ya lafa, ba ta da suga, ƙodarta lafiya, adadin maganinta bai motsa ba wata biyu, mai yiwuwa ta iya. Na ce mai yiwuwa.

Inda nake ɗari-ɗari wuri uku ne. Na farko suga. Prednisolone yana ɗaga suga ne daga tsakar rana zuwa yamma, sai ya haɗu da dabino da kunu mai zaƙi da zoɓo a buɗa-baki. Gwajin asuba kan fito da kyau ya ruɗe ku, don haka a gwada da la'asar, da kuma awa biyu bayan shan ruwa. Mai ciwon suga ya karya idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin mg/dL. Wanda ke allurar insulin kuwa, ko sugansa bai daidaita ba, shawarata ya bari.

Na biyu zafi. Azumin da ya faɗo a bazarar Sakkwato, rana sama da digiri 40, awa goma sha uku ko fiye babu ruwa, ba ɗaya yake da na hunturu ba. Wanda ya daɗe a kan sitiroid, musamman da ya sauko wajen miligiram 5, jikinsa ba lalle ya iya ƙaro kotisol idan an matsa masa ba. Jiri idan ta miƙe tsaye, amai, gudawa, zazzaɓin cizon sauro: ta sha ruwa nan take, a kira likita, don a irin ranakun nan ƙara maganin ake yi na ɗan lokaci. Idan amai ya hana ƙwayar zama a ciki, allura take buƙata a asibiti.

Na uku sauran magunguna. Alendronate na kare ƙashi, miligiram 70 sau ɗaya a mako, yana son ciki wayam da kofi cike da ruwa zalla, a zauna a miƙe rabin awa kafin a ci komai. Ke nan ranar sai an tashe ta da wuri kafin sahur, kuma ba ta kishingiɗa ba sai ta ci abinci. Kalsiyam a kai shi buɗa-baki, kada su haɗu. Mai shan methotrexate da ƙoda mai rauni, ƙishirwa ba ta yi masa kyau.

Ni dai ban cika son a rage magani a cikin Ramadan ba, don idan jiki ya yi ciwo ba za a gane ragin ne ko azumin ba. Wani likitan zai iya ganin saɓanin haka, kuma yana da hujjarsa. Wanda aka gano wa GCA kwanan nan, ko aka fara wa magani a watan, ya haƙura bana. Ku zo a tattauna tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, ba daren ganin wata ba.

Fuskarta ta cika, ta yi ƙiba, alamar lafiya ce?

Aikin sitiroid ne, yakan ragu idan an sauko. Abin dubawa shi ne hawan jini, suga, da ido saboda yanar ido da gilakoma, wato hawan ruwan cikin ido. A rage gishiri da dunƙulen miya. A ba ta kalsiyam da bitamin D, ta riƙa taka ƙafa a tsakar gida kullum. Ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, a yi hoto, ƙashin baya kan karye ko ba a faɗi ba.

Ƙaho fa, ko tsaga?

Ba sa kai wa inda kumburin yake. Fatar mai shan sitiroid kuma siririya ce, rauni ba ya saurin warkewa. Ku ba wanzami haƙuri. Ruwan ɗumi da asuba ba laifi.