Idan birni ya wuce iyakarsa, wa ke riƙe da shi?

Me ake nufi da gwamnatin babban birni da kewayensa?

Birni ba ya duba taswira kafin ya faɗaɗa. Sai ka ga mutum yana kwana a wata ƙaramar hukuma, yana aiki a wata, ruwan famfonsa daga ta uku yake zuwa, shararsa kuma ta huɗu ake kai wa. Kowace hukuma tana da shugabanta da kasafinta, amma rayuwar mutanen a haɗe take. Gwamnatin babban birni ita ce hukumar da ake kafawa a saman waɗannan ƙananan hukumomi, ko a madadinsu, domin ta riƙe ayyukan da babu mai iya yi ita kaɗai.

Waɗanne ayyuka ake miƙa mata?

Ma'aunin shi ne: duk abin da ke gudana ya ƙetare iyaka, na sama ne. Manyan hanyoyi, bas da jirgin ƙasa, bututun ruwan sha, manyan magudanan ruwa, wurin binne shara, da tsara inda za a yi gidaje da masana'antu. Abin da ya tsaya a unguwa, irin su kwashe shara daga ƙofar gida, fitilun titi, gyaran lungu da izinin ƙananan gine-gine, gara a bar wa kansilan da jama'a suka san fuskarsa.

Magudanar ruwa ce ta fi bayyana dalilin. Ƙaramar hukumar da ke kan tudu ta yi wa kwatarta siminti, ruwan sama ya daina shiga ƙasa, ya ƙara gudu. Ta gangare ba ta faɗaɗa tata ba, domin kasafinta na bana ya tafi kan makarantu. Ruwa ya iso inda kwata ta matse, ya fantsama cikin gidaje. Kowa ya yi aikinsa bisa doka, amma unguwa ta nutse, saboda ba wanda aka ɗora wa kwarin gaba ɗaya.

Tsari ɗaya ake bi a ko'ina?

A'a. Akwai mai hawa biyu, kamar Landan: tun 2000 tana da zaɓaɓɓen magajin gari da majalisa mai mambobi 25, a ƙasa kuma ƙananan hukumomi 32 da tsohon tsakiyar birni. Sufuri yana hannun magajin gari, kwashe shara a hannun na ƙasa. Tokyo ma haka, da gundumomi na musamman 23. Akwai na haɗewa wuri ɗaya, kamar yadda aka yi wa birnin Toronto na Kanada a 1998, bayan ta yi tsarin hawa biyu tun 1954. Wasu biranen kuma hukumar aiki guda suke kafawa, ta ruwa ko ta sufuri. Wannan ya fi saurin kafuwa, sai dai galibi naɗa shugabanninta ake yi, mai ƙorafi ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta su da ita.

Ashe haɗewa ba ta rage kashe kuɗi?

Haka ake alkawari, amma ba kasafai yake cika ba. Idan aka haɗa ma'aikatan hukumomi da yawa, albashi yakan koma daidai da na wadda ta fi biya, domin ba wanda zai yarda a rage masa. Unguwar da ake kwashe wa shara sau ɗaya a mako za ta nemi sau biyu kamar maƙwabciyarta. Ga kuma kuɗin haɗa rajistar haraji da na'urorin ofis. Mutanen gefen birni su ma sukan ji an nesanta su da masu mulki: a Montiriyal ta Kanada an haɗe garuruwa a 2002, amma zuwa 2006 guda 15 sun fice bayan ƙuri'ar raba gardama. Amfanin haɗewa na gaskiya yana wajen tsari da raba arziki.

To, wa ke biya?

Nan ne yawancin tsare-tsaren ke karyewa. Masu shigowa aiki da safe suna taka titin tsakiyar birni, amma harajin gidansu a gefe suke biya. Garuruwan gefe kuma suna rige-rigen jawo masana'antu ta hanyar sassauta haraji, kowa ya yi asara. Yankin Minneapolis da Saint Paul a Amurka ya yi doka a 1971: kashi 40 cikin 100 na ƙaruwar darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu da ake karɓa wa haraji yana shiga asusu ɗaya, a raba wa garuruwan yankin. Hukumar da aka ba aiki ba a ba ta hanyar samun kuɗinta ba, kullum a ƙofar gwamnatin tarayya za ta kwana.

A ina ya kamata a ja iyakar?

A bi inda ma'aikata ke fitowa kullum, da inda ruwa ke gangarawa. A kuma saka filayen da gini bai kai ba tukuna, domin nan ne za a buƙaci titi da bututu nan da shekara 20, kuma keɓe musu hanya yanzu ya fi rushe gidaje da biyan diyya daga baya araha nesa ba kusa ba.