Gasar duniya ta ƴan mata ƴan ƙasa da shekara 17: amsar tambayoyin da iyaye ke ta yi mini

Na daɗe ina horar da ƴan mata ƙwallo a wani fili da ke Bukoki, nan Yamai. Tambayoyin da kuke yi mini a bakin fili da waya ba sa canzawa. Ga amsarsu wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a kira ni da tsakar dare.

Wai har ƴan mata ma suna da gasar duniya?

Suna da ita tun 2008. A Niyu Zilan aka fara, Koriya ta Arewa ta ɗauki kofi. Ta sake ɗauka a 2016 da 2024 da 2025.

Ɗiyata tana sa hijabi. Za a ce ta cire?

Ba wanda zai ce ta cire, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tun 2014 dokar wasa ta amince da rufe kai. A gasar 2016 da aka yi a Jodan, wasu daga cikin ƴan matan ƙasar sun shiga fili da kawunansu a rufe, a 2023 kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta manya da hijabinta. Abin da ake so kawai, ya kama kai sosai, kuma kada a sa masa fil ko allura da za ta soki wata.

A ina ake yi, kuma yaushe?

Da duk bayan shekara biyu ne, ƙasashe 16. Daga 2025 ta koma kowace shekara, ƙasashe 24, kuma Maroko ce mai masauki har 2029.

Nijar ta taɓa zuwa?

A'a. Masu dariya a fada kuma su faɗa mini ranar da suka taɓa saya wa wata yarinya takalmin wasa. Maƙwabtanmu ƴan Najeriya sun zo na uku a Indiya a 2022, ba daga sama suka faɗo ba, shekaru aka yi ana reno.

Takardar haihuwar ɗiyata tana da matsala. A gyara a rage mata shekara ɗaya ko biyu?

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini cikin raɗa, ita ce kuma ta fi ci mini rai. Malam, kada ka rage. Amma bari in warware, don matsalar ba iri ɗaya ba ce.

Da farko, shekarar haihuwa ake dubawa, ba watan haihuwa ba. A gasar 2025, wadda aka haifa kafin 1 ga Janairun 2008 ba ta da hurumi, ko da kwana ɗaya ne tsakani. To sai ka lissafa tukuna, mai yiwuwa ɗiyarka tana ciki kana ta wahalar banza.

In a gida aka haife ta, a ƙauye can wajen Tawa, ba a kai sunanta ofishin magajin gari a kan lokaci ba, wannan ba laifi ba ne, haka yawancinmu muka taso. Akwai hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwa, wanda ake kira jugement supplétif. Ka je da shaidu, ka faɗi gaskiyar shekarar. In akwai katin awo ko na rigakafi daga likita, ka riƙe shi, yana taimakawa. Lokacin da takardar za ta ɗauka ya danganta da garin da kuma cunkoso, saboda haka kada ka jira sai an kira ta sansani.

In kuwa tana da takarda amma ta saɓa da ta lakwal, ko an rubuta sunan iri biyu, nan ne sai an yi haƙuri. Gyaran kuskuren rubutu daban, sauya shekara daban. Na farko ana bin hanyar hukuma, na biyu ƙarya ce. Shawarata ita ce takardar haihuwa da ta lakwal da lasisin FENIFOOT (hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar) da fasfo duk su faɗi magana ɗaya kafin ta buga wasan hukuma ko guda, domin abin da aka fara rubutawa shi zai bi ta har ta bar ƙwallo.

Wasu na cewa ai mata ba a yi musu hoton ƙashin wuyan hannu don gano shekaru kamar yadda aka fara yi wa maza a gasar 2009 a Najeriya. Gaskiya ne wannan gwajin ba shi da tabbas ga mace, don ƙashinta yana saurin haɗewa. Sai dai hakan na nufin takarda ce kaɗai shaidarta. Ƙasar da aka doke tana iya kai ƙara, in aka gano takardu biyu, ƙungiya gaba ɗaya ke iya rasa gurbi saboda yarinya ɗaya. Na ga yarinyar da kawunta ya yi wa haka. Ranar da za ta rubuta jarrabawar BEPC takardun suka ci karo, ta yi shekara ana yawo daga ofis zuwa ofis, kawun kuwa ko wayarsa ba a samu.

In shekarunta sun wuce fa, shi ke nan?

Ina! Akwai ta ƴan ƙasa da 20. A can Asisat Oshoala ta Najeriya ta yi suna a Kanada a 2014 da ƙwallo 7, ta zama gwarzuwar gasar.

Wani ya ce in ba shi jika ɗari biyar ya kai ta Turai gwaji.

Kada ka ba shi ko dala. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasan da bai cika 18 ba ƙungiyar wata ƙasa, sai da wasu dalilai ƴan kaɗan, kamar iyaye su ƙaura don abin da bai shafi ƙwallo ba. Ƙungiyar ƙasa kuma ba dillali ke zaɓar mata ƴan wasa ba. Ka ce masa ya zo ku je ofishin FENIFOOT tare, ka ga ko zai zo.

Ta bar lakwal ta maida hankali ga ƙwallo?

A'a, Inna. Wadda ta yi fashin aji, a filina ranar ba ta taɓa ƙwallo.