Aku da kabeji: a ba shi ko a hana shi?

Da zarar hunturu ya kankama, kabeji ya cika Kasuwar Sabon Gari da teburan bakin titi a Samaru, sai ka tarar kowane gida da ragowarsa a kwando. A lokacin ne masu kiwon aku a nan Zariya suka fi tare ni da tambaya, don sun san akwai wani a gidanmu, mai ruwan toka da jar wutsiya, da ya shekara 11 yana kwaikwayon sallamata da tarin mahaifiyata. Ga tambayoyin yadda aka yi mini su, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta waya.

Malam, tsakani da Allah aku yana cin kabeji? Ba zai kashe shi ba?

Yana ci, kuma babu guba a ciki. Fari da ja duk ana ba shi, ɗanye ko wanda aka ɗan turara. Haka tsirya, haka ƙananan tsuntsayen nan masu launi-launi da ake sayarwa bibbiyu a keji. Sai dai a ajiye kabeji a matsayinsa na mahaɗi. Kashi 92 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, don haka tsuntsun da ya cika ciki da shi ya ƙoshi ne a ido kawai.

To wane amfani yake yi masa?

Yana da amfani, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A giram 100 na ɗanyen farin kabeji akwai bitamin C wajen miligiram 36, kalsiyam miligiram 40, da bitamin K mai taimakon daskarewar jini. Ga ɗan Adam wannan bitamin C abin so ne. Shi kuwa aku jikinsa ne ke haɗa nasa, bai jira na kabeji ba. Abin da akun gida ya fi rasawa bitamin A ne da kalsiyam, kuma a wajen bitamin A farin kabeji talaka ne. Ja ya ninka shi kusan sau 10, karas kuwa ya ninka shi fiye da sau 100. Ko a ƙulli ɗaya ma, koren ganyen waje da ake zubar wa awaki ya fi farar zuciyar nan da muke so a salak.

Wani amfanin ba a ciki yake ba, a baki yake. Aku tsuntsu ne mai wayo da ke gajiya da zaman banza, in ya rasa abin yi har gashin jikinsa yake figewa. Ganye mai ƙaras-ƙaras da zai riƙe da ƙafa yana yayyagawa aiki ne da ke ɗauke masa kewa.

Yaya, ni fa an ce mini yana kawo wa tsuntsu maƙoƙo. Gaskiya ne?

Ƙanwata ce ta yi wannan tambaya, kuma maganar tana da tushe. Kabeji da danginsa suna ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa ƙwayar tayirod ƙarfin ɗaukar aidin daga jini. Idan aidin ya yi ƙaranci, ƙwayar takan kumbura tana ƙoƙarin cike giɓin, shi ne maƙoƙo. Mu mutane gishirin da aka sa wa aidin ya rufa mana asiri tun shekarun 1990. Aku ba ya cin gishiri, kuma kada a ba shi da sunan magani.

Amma sai abu biyu sun haɗu kafin a kai ga haka: tsuntsun yana kan abincin da babu aidin a ciki, sannan ana ɗirka masa ɗanyen kabeji kullum. An fi ganin maƙoƙo a jikin ƙananan tsuntsayen kejin nan 'yan asalin Ostireliya waɗanda ba a ba su komai sai tsabar gero, kuma da yawansu ko kabejin ba su taɓa gani ba. Laifin na kwanon abincin ne gaba ɗaya, kabeji ƙarin gishiri ne a miyar da ta riga ta lalace.

Abin da ya kamata mai kiwo ya sani shi ne maƙoƙon tsuntsu ba ya fitowa a wuya irin na mutum. Ƙwayar tana can ciki, inda wuya ya shiga ƙirji, don haka idan ta kumbura hanyar numfashi da ta abinci take dannewa. Za ka ji numfashi yana fita da ɗan fito ko ƙyas-ƙyas, murya ta sauya, abinci yana dawowa baki. Wanda ya ga haka ya bar tambayar maƙwabta, ya ɗauki keji zuwa wurin likitan dabbobi. Mu a Zariya ba mu da uzuri, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru.

Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya turara ganyen na 'yan mintoci, zafi yana rage ƙarfin sinadaran. Ban da gishiri, ban da kanwa, kuma a bari ya huce sarai.

Nawa za a ba shi?

Aku babba bai wuce giram 400 da ɗan wani abu ba. Yanki kamar faɗin yatsu uku, sau biyu ko uku a mako, ya wadatar. Tsirya rabin haka. A sa da safe, a kwashe ragowar kafin azahar, musamman da bazara lokacin da ganye ke laushi nan da nan, ƙuda da tururuwa su yi masa caa.

Ai matata tana wankewa da gishiri. Bai isa ba?

Nan ne ni nake jin tsoro, ba wajen maƙoƙo ba. Kabeji abincin tsutsa ne. Akwai wata ƙaramar koriya da ke huda ganyen kamar rariya, kuma duk mai lambu ya san in bai yi feshi ba, ba zai kai komai kasuwa ba. Kowane maganin ƙwari akwai kwanakin da aka rubuta a jikin robarsa da za a jira kafin a yanke amfanin gona, to amma idan farashi ya tashi ba kowa ke da haƙurin ƙirga kwana ba. Ragowar da mutum mai kilo 60 zai ci bai ji komai ba, a tuna aku ya gaza shi nauyi sau 150. Ga kuma ruwan ban-ruwa. Lambunan rani da ke bakin Kubanni da Galma su ke ciyar da mu, Allah ya saka wa masu su, amma akwai wuraren da kwatar gari ke gangarawa cikin ruwan.

Yadda nake yi: ina cire ganye biyu ko uku na can waje in zubar, duk da na ce kore ya fi amfani, domin su feshi ya fi sauka a kai. Na bayansu, waɗanda ke da sauran kore, su nake ɓallewa ɗaya-ɗaya in wanke kowanne gaba da baya, in jiƙa a ruwa mai tsabta na ɗan lokaci, in sake ɗauraya. Wanki da gishiri ba laifi ba ne matuƙar an ɗauraye har ɗanɗanonsa ya fita. Kuma wanki iyakarsa bayan ganye, maganin da ya riga ya shiga jikin shuka ba ya fita da ruwa. Shi ya sa a wurin mai tebur ba na gudun ƙullin da na ga 'yan huda a jikinsa. Mai sheƙi sumul ɗin nan da ko ƙuda bai sauka a kai ba, shi nake yi wa kallon biyu. Wanda ke da ɗan fili a tsakar gida ya cika buhu biyu da ƙasa da taki ya shuka nasa, ko ya dasa zogale, ya huta.

Malam, an yi biki salak ya rage da yawa. In zuba masa?

A'a, Hajiya, a ba yara. Kabejin da ke cikin salak ya riga ya sha Bama da gishiri, wani da magi, ga albasa an yayyanka a ciki. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu. Idan kuma an sa fiya, wato abokado, wannan guba ce kai tsaye, tana taɓa zuciyarsa, ƙaramin tsuntsu yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tunda an zo nan, bari in ƙara da abin da na sha gani a zaure: dattijo yana cin goro, aku ya miƙo baki, a gutsura masa don raha. Abin da ke cikin goro mai hana barci, shi ne a shayi da kofi, kuma danginsa ne a cakulan, duk suna birkita bugun zuciyar tsuntsu. Barkono kuwa, wanda kowa ke tsammanin shi ne matsala, aku ba ya jin yajinsa ko kaɗan. Jan tattasai ma yana cikin mafi alherin abin da za a ba shi.

Na ba shi jiya, yau kashinsa ruwa-ruwa. Zawo ne?

Duba da kyau tukuna. Kashin tsuntsu kashi uku ne a haɗe: dunƙulen kore ko ƙasa-ƙasa, farin nan kamar alli, da ruwan fitsari. Idan dunƙulen yana nan da siffarsa, ruwan ne kawai ya ƙaru, to ruwan kabejin ne ke fita, zai daidaita da kansa. Jan kabeji har rina kashin yake yi, kada a firgita. Idan dunƙulen ne ya narke, tsuntsun ya kumbura gashi ya takure, ya daina surutu, kada a kwana ana jira. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, kafin ka gani a fuskarsa abin ya yi nisa.

Mu dai tun kakanni gyaɗa aka san ana ba aku. Me ya kawo wannan bidi'a?

Wani dattijo ne a Tudun Wada ya faɗa mini haka yana dariya, na ce Baba, a gafarce ni, gyaɗar ce ta fi kabejin ban tsoro. Kusan rabin nauyinta mai ne, bitamin A babu, kalsiyam kaɗan. Akun da ya shekara da shekaru a kanta za ka gan shi da ƙiba amma yana yawan atishawa, hanci na toshewa, wasu fararen ƙuraje a cikin baki. Irin namu mai jar wutsiya kuma an san shi da saurin rasa kalsiyam, sai ka ga tsuntsu ya faɗo daga kan sanda yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce ta taɓa shi.

Sannan ga fumfuna. Gyaɗar da aka ajiye da danshi tana yin wata guba mai suna afalatoksin da ke cin hanta. An gano ta ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sanadin abincin da aka haɗa da gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Irin wannan fumfunar tana kuma kama huhun aku. Abin takaici, rubabbiyar da aka tsince daga cikin ta ƙuli-ƙuli ita ake cewa a ba tsuntsu.

A dazukan kudu inda ya fito, aku yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, musamman kwakwar manja, wadda jan namanta cike yake da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ba mu da dajin, amma muna da kabewa, karas, gwanda, mangwaro, ganyen zogale, dafaffen dankalin Hausa, dafaffen wake, ɗanyar masara, dawa da gero. A ƙara da ɗan dafaffen ƙwai jefi-jefi, a daka ɓawonsa a barbaɗa. A fitar da keji hantsi ya taɓa shi, da gefen inuwa da zai koma, domin hasken rana yana taimaka wa jiki wajen amfani da kalsiyam, kuma wanda ya ratso ta gilashin taga ba ya wannan aiki. Gyaɗa mai kyau, ƙwaya biyu ko uku a rana, ta zama tukuici. Tsuntsu ne da ke iya shekara 40 zuwa 50 a hannun mai kula, kuma ya yi ƙaranci a daji har taron ƙasashe da aka yi a Johannesburg a 2016 ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ke hannunka ya fi ƙarfin gyaɗa da ruwa.

Nawa ko kallon kabejin ba ya yi. In ƙyale shi?

In yana cin sauran ganye da kayan marmari, ƙyale shi, bai yi asarar komai ba. In kuwa duk wani abu kore yake ƙi, sai an yi dabara, kuma ba da horon yunwa ba. Nawa mako biyu cur yana ɗaukar yankin da baki, ya tako har bakin keji, ya sake shi ƙasa yana kallona da ido ɗaya. Na yanka ƙanana na cakuɗa da masara, ya tsince masarar tsaf. Ranar da abin ya yiwu, zama na yi a gabansa bayan sallar asuba ina tauna ɗanyen ganye da ƙara, ban ko dube shi ba. Aku ba ya jure ganin ana cin abu ba da shi ba. Ya sauko, ya kira ni da muryar mahaifiyata, na maƙala masa jiƙaƙƙen ganye guda a jikin waya da abin shanya. Ya kama da ƙafar hagu, ya feɗe ganyen gefe da gefe ya watsar, ya zauna yana gurgurar farar jijiyar tsakiya. Har yau ita kaɗai yake ci, sauran na kajin da ke jira a ƙarƙashin kejin ne.