Dokar NEMA: Aikin Wa Ne Yin Shiri Kafin Ambaliya Ta Zo?

Da an ambaci NEMA, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne tirela cike da shinkafa, katifu, barguna da bandir ɗin kwanon rufi ana saukewa a sakatariyar ƙaramar hukuma, bayan ruwa ya gama ɓarnarsa. Wannan yana cikin aikinta. Amma duk wanda ya zauna ya karanta dokar da ta kafa hukumar zai tarar rabon kayan agaji abu ɗaya ne tak cikin jerin ayyuka masu yawa, kuma galibinsu ayyuka ne da ake yi tun da rani, kafin hadari ya haɗu.

A shekarar 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, da doka mai lamba 12, wadda aka yi wa gyara da doka mai lamba 50 a cikin shekarar ta 1999. Ta gaji wata hukuma ce mai suna NERA da aka kafa a 1976, bayan farin da ya addabi Arewa a farkon shekarun 1970, wadda aikinta bai wuce raba tallafi ba. Sabuwar dokar ta faɗaɗa aikin. Ta ɗora wa NEMA tsara manufofin tunkarar bala'o'i, tattara bayanai, wayar da kan jama'a kan hanyoyin kariya, haɗa kan masu aikin ceto, da kuma bin diddigin sauran hukumomi don ganin ko a shirye suke. Mataimakin Shugaban Ƙasa ne ke shugabantar majalisar da ke kula da ita, kuma tana samun wani kaso daga asusun kula da muhalli na tarayya.

Dokar ba ta tsaya a Abuja ba. Ta ce kowace jiha ta kasance da kwamitin agajin gaggawa ƙarƙashin mataimakin gwamna, da wakilan ma'aikatun lafiya da ayyuka, 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, jami'an kiyaye haɗurra, da ƙungiyar Red Cross. Aikin kwamitin shi ne ya sanar da NEMA duk wani bala'i da ya auku a jihar, ya fara tunkararsa da kansa, sannan ya nemi taimakon tarayya idan abin ya fi ƙarfinsa. A lura da wannan jeri da kyau: jiha ce a gaba, tarayya tana biye. Daga baya jihohi suka yi nasu dokokin suka kafa hukumomin agajin gaggawa na jiha da muka sani da SEMA.

To, ina matsayin ƙaramar hukuma da unguwa? A nan gizo ke saƙar. Dokar 1999 a matakin jiha ta ja birki. Maganar kwamitin ƙaramar hukuma da na al'umma ta fito fili ne a kundin tsarin tunkarar bala'o'i na ƙasa da aka fitar a 2010. Shi ne ya ce kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 ta sami nata kwamitin, ya kuma ba masu sarauta, malaman addini, makarantu, ƙungiyoyin unguwa da 'yan sa-kai gurbi a cikin aikin, domin su ne na farko da bala'i ke tararwa. Sai dai kundin manufa ba doka ba ne. Yana nuna abin da ya kamata a yi, amma ba shi da haƙoran da zai ciji ciyaman ɗin da ya ƙi yi. Wasu jihohi sun shigar da kwamitin ƙaramar hukuma cikin dokarsu ta SEMA, kuma a can ne kawai za a ce ya zama wajibi. A wurare da dama kwamitin suna ne a takarda, ba ofis, ba kasafi, ba ko jirgin kwale-kwale ɗaya. A ganina nan ne babban giɓin yake, ba a ƙarancin buhunan shinkafa ba.

Gargaɗi kam ana bayarwa. Duk farkon shekara hukumar NiMet mai kula da yanayi tana fitar da hasashen damina, lokacin saukar ruwa, yawansa da lokacin ɗaukewarsa, har ana fassara shi zuwa Hausa. Hukumar NIHSA mai kula da koguna ita ma tana fitar da nata hasashen ambaliya, inda take lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. NEMA kan rubuta wa gwamnoni wasiƙa a kan haka. Idan Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, akan sanar, domin ruwan ta kogin Binuwai yake biyowa ya ratsa Adamawa, Taraba da Binuwai ya haɗu da kogin Neja a Lokoja. Duk da haka a 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da muhallansu, a 2022 kuma waɗanda suka rasu sun haura 600.

Matsalar ita ce sanarwa takan tsaya a rediyo da cewa mazauna bakin kogi su koma kan tudu. Wane tudu? Manomin da ke ƙauyen Auyo ko Kirikasamma, da rumbunsa, da awakinsa, da tsohuwar da ba ta iya tafiya, ba zai kwashe su ya kama hanya ba tare da ya san inda zai sauka ba. Amsar wannan tambaya ba ta Abuja ba ce. Kwamitin ƙaramar hukuma ne ya kamata ya zauna da hakimi da dagatai tun kafin damina su ce firamaren gari kaza ce matsuguni, ga hanyar da ruwa ba ya yankewa, ga wanda zai yi shela a lasifikar masallaci, ga masu kwale-kwale da lambobin wayarsu, ga gidajen da ke da masu ciki da tsofaffi da naƙasassu da za a fara fitarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwangilar biliyoyi.

Mutanen yankin Haɗeja sun daɗe suna nasu ƙoƙarin. Idan ruwan da ya taso daga madatsun Tiga da Challawa ya fara cika kogi, matasa kan fito aikin gayya, wasu na ɗura ƙasa a buhu, wasu na jerawa a kan jinga, har cikin dare da tocila, ana zagayawa ana duba inda ruwa ya fara tsattsafowa. Sun kuma san cewa ciyawar kachala ce ke toshe hanyoyin ruwa ta juyar da shi cikin gonaki da gari. Irin waɗannan mutane su kundin 2010 ke nufi da al'umma, kuma abin da suke da haƙƙin nema shi ne a kawo buhu da kayan aiki a watan Mayu da Yuni, a turo injin cire kachala tun ruwa bai cika ba.

Wani lokaci kuma ruwa ba ya ba da rata. Cikin dare madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, aka wayi gari ranar 10 ga wata ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har da kasuwar Monday da fadar Shehu, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994. A Mokwa ta jihar Neja, da asubahin 29 ga Mayun 2025 ruwa ya afka wa mutane suna barci, sama da 150 suka rasa rayukansu. A irin wannan hali, kafin motar wata hukuma ta iso, maƙwabci ne ke ciro maƙwabci. Shi ya sa horar da 'yan sa-kai a unguwa yake da nauyi a cikin tsarin.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba mu cika son ji ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, dokokin tsara birane kuma sun hana gini ba tare da izini ba. Wanda ya cike kududdufi ya yanka fuloti, ko ya ɗora shago a kan kwalbati, ya taka doka, haka ma jami'in da ya sa masa hannu. Kududdufan cikin Kano da aka cike da shara aka yi gini a kai, su ne a da ke shanye ruwan unguwanni.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, jama'a sun sami ƙarin hujjar tambayar ciyaman da kansila: akwai kwamitin agajin gaggawa a ƙaramar hukumarmu? Su wa ke ciki? Nawa aka ware masa a kasafin bana, kuma ina aka keɓe mana idan ruwa ya zo? Ƙungiyar unguwa tana iya rubuta waɗannan tambayoyi a takarda, ta aika kwafi ga SEMA, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ake kiranta daga kowane layi.