Batirin motar rimot: tambayoyi kan caji da kumburi da gobara

Wai me ya sa ake ta tsoratar da mutane da batirin LiPo, ai wayata ma lithium ce a ciki?

Gaskiya ne, amma wayarka akwai ɗan allo a cikinta da ke yanke caji da kansa in ya cika. Yawancin batirin LiPo (wani nau'in batirin lithium ne) na motocin rimot, irin waɗanda ake sa wa motocin kamfanonin Traxxas da Arrma, babu wannan mai gadin a jikinsu, caja ce mai gadi sai kuma kai. Kowane sel ɗaya, wato ɗan batirin da ke cikin kunshin, volt 3.7 ne a rubuce, in ya cika 4.2, kuma ba a so ya sauka ƙasa da 3.0. Wanda aka rubuta 2S sel biyu ne, 7.4 kenan, cikarsa 8.4. Mai 3S kuma 11.1, cikarsa 12.6. Ka wuce wannan iyakar ta sama ko ta ƙasa, toh ka fara taɓa lafiyarsa.

Zan iya amfani da tsohuwar cajata ta NiMH tunda bakin ya shiga?

A'a, don Allah kar ka gwada. NiMH wani nau'in batir ne daban, cajarsa tana jira ne ta ga wutar batirin ta ɗan yi ƙasa kaɗan sannan ta gane ya cika, shi kuma LiPo ba ya yin haka, sai ta yi ta ɗura masa har ya wuce 4.2 ya kumbura ya kama da wuta. Ko caja mai yin duka biyun ce irin iMAX B6, ka duba fuskarta da idonka kafin ka danna, LiPo ne aka zaɓa kuma adadin sel ɗin daidai ne?

Wannan ƙaramin farin soket mai wayoyi sirara da ke jikin batirin fa?

Na balans ne, ta nan caja ke ganin kowane sel shi kaɗai. Ba tare da shi ba jimilla kawai take gani, sai ɗaya ya kai 4.3 ɗayan na 4.1 ita kuma tana ganin 8.4 tana cewa lafiya lau. Kullum ka jona shi, ba ya cin komai.

Amfiya nawa zan sa a caja?

Ka raba lambar mAh da ke rubuce a jikin batirin da dubu. Mai 5000mAh amfiya 5, mai 2200mAh amfiya 2.2, wannan shi ake kira 1C kuma wajen awa ɗaya ya cika. Wasu an rubuta suna ɗaukar fiye da haka, ni dai ban ga abin sauri ba.

In jona shi da dare in kwanta, in an kawo wuta ya yi caji?

Nan ne fa matsalar take, don abin da muka saba yi da waya da fitila kenan, a bar su a soket a je a yi barci. LiPo ba a yi masa haka. In kana caji ka kasance a wurin ido biyu, ka ajiye shi kan siminti ko tayil nesa da katifa da labule da jarkar man janareta, cikin jakarsa mai hana wuta in kana da ita, in babu ko tukunyar ƙasa ta wadatar, sai bokitin yashi a gefe. Kuma da yawan cajojin nan suna karɓar volt 12, kaga kana iya yi da rana daga batirin sola ba sai ka jira wutar dare ba. In ya kama, zare wuta in zai yiwu, zuba yashi, ka ja baya, hayaƙin guba ne.

Zafin rana yana yi masa illa?

Sosai ma. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe, kar ka bar shi a but ko kan dashbod. In ka gama tsere ka taɓa shi da ɗumi, bari ya huce tukuna kafin caji.

Zan yi sati biyu ban taɓa motar ba, in cika shi in ajiye?

Kar ka ajiye shi cike, kar kuma a ƙare. Wajen 3.8 kowane sel, caja tana da wurin da aka rubuta STORAGE don wannan aikin. Kuma ka cire shi daga motar, don ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun motar, na iya ci gaba da tsotsarsa a hankali har ya mutu.

Nawa ya ɗan kumbura amma wlh yana ja da ƙarfi, in ci gaba?

Iskar gas ce ta taru a ciki saboda ya fara lalacewa, ba ya komawa daidai. Kar ka huda shi da allura wai iskar ta fita, kar ka danne shi da dutse. Ka fitar da shi waje kan yashi, ka jona masa ƙaramin kwan fitilar mota ya shanye wutar har ƙarshe, ka naɗe bakin wayoyin da salatif, kuma kar ya shiga bolar da ake cinna wa wuta a unguwa.